Ƙulli Biyun da Firmin Ya Ƙara

Duk wanda ya hau raƙumin ruwa a gaɓar Anse Cabri da allo cikin shekaru goma sha ɗayan nan, to a kan kalmar Firmin Grondin ya hau. In Firmin ya ce ruwa ya yi haske, sai a ɗaga koriyar tuta kowa ya sungumi allonsa na hawan ruwa. In ya ce bai yi ba, ko ɗan wane ne kai sai dai ka zauna a yashi kana kallon teku kana tsaki. Gajere ne mai faɗin ƙirji, gishiri ya cinye masa gashin gira, kuma ba ya dogon bayani. Samari suna ce masa Kawu a gabansa, in ya ba da baya su ce Tsohon Kunkuru.

A nan yammacin tsibirin Réunion aka haife shi, gidansu taku hamsin ne daga ruwa. Ubansa Ariste masunci ne, kuma Firmin ya iya nutso tun bai iya rubuta sunansa ba. Yana ɗan shekara tara shi ake turawa ƙasa ya ɓamɓaro anga, ƙarfen tsayar da jirgi, in ta maƙale a dutsen murjani. Yana shekara sha biyar yanar ido ta fito wa uban. Aka kai shi asibiti a babban gari aka yi masa aiki, ya dawo ido ɗaya a mace, ɗayan ma bai daɗe ba ya bi ɗan'uwansa. Shekara goma sha biyu Ariste ya yi a zaune a ƙofar gida, fuskarsa tana kallon teku, duk wanda ya wuce sai ya tambaye shi yaya ruwan yake yau. Firmin ne mai kai shi bayan gida, shi ne mai cire masa ƙayar kifi a abinci. Tun daga nan ya sa wa ransa cewa ko mutuwa zai yi ba mai kusantar idonsa da wuƙa.

Da ya girma sai ya zama maharbin kifi, yana nitsewa da mashi ya fito da abin da masu gidajen abinci suke rububi. Ya auri Rosemay, mai rumfar samosa da lemon rake a bakin ruwa, mace mai baki kamar reza amma mai tausayi. 'Ya ɗaya Allah ya ba su, Nadège. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: tana shekara bakwai ta tsaya da ƙafafunta a kan allo, tana sha huɗu manyan maza suna matsa mata hanya in babban raƙumi ya taso.

Sannan mugayen shekarun nan suka zo. Kifin shak, wanda mu mutanen gaɓa ba ma kiran sunansa sai dai mu ce baƙo, ya fara ɗaukar mutane a gaɓar nan. Yau a ce ya cire wa wani hannu a kudu, bayan wata biyu a ce an tsinci rabin allo a arewa, mai allon kuwa ko takalminsa. Wata ranar Lahadi Firmin da kansa ya jawo wani saurayi daga ruwa, ƙafar dama babu ita tun daga cinya. Saurayin ya riƙe masa wuyan riga yana tambaya, "Kawu, ƙafata tana nan? Duba mini." Firmin ya ce tana nan. Kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Hukuma ta hana shiga ruwa gaba ɗaya, masu hayar allo suka rufe shaguna, cinikin Rosemay ya mutu murus. Nadège ta ɗora allonta a kan azarar ɗaki ta tafi Faransa koyon aikin jinya, ta ce ba za ta iya zama tana kallon teku kamar mai kallon kabari ba.

Aikin gadin ruwa ne ya dawo da mutane. A baki ba shi da wuya. Mutum huɗu suna shiga da gilashin nutso da bututun numfashi da ƙafar agwagwa, kowa riƙe da sandar ƙarfe mai tsini, su kewaye masu hawa, fuskokinsu a cikin ruwa. Jirgi mai inji yana tsaye a gefe da ƙaho. Wanda ya hango baƙo ya ɗaga sanda sama, jirgi ya busa, kowa ya fita. Iyakarta ke nan. Amma je ka kwanta a kan ruwa sa'a biyu kana leƙen shuɗin da ba shi da ƙarshe, kana jiran abin da kake roƙon Allah kada ya zo, ka ga ko za ka jure. Jarumai da yawa sun gwada mako ɗaya suka ce iyayensu sun hana.

Kafin a bar kowa ya shiga kuwa sai an auna ruwan. Baƙo duhu yake so, ya fi zuwa in an yi ruwan sama a kan duwatsu, kwazazzabo ya kwaso laka ya juye a teku. Don haka akwai igiya mai ƙulle-ƙulle, tsakanin kowane ƙulli mita ɗaya, da farin faranti ɗaure a bakinta. Mutum ɗaya ya riƙe farantin ya yi ta iyo yana nisa, ɗayan ya tsaya wuri ɗaya yana kallon farantin, igiya tana zarewa ta cikin yatsunsa. Da zarar farantin ya ɓace masa sai ya damƙe, a ƙirga ƙullin da suka fita. Takwas ko fiye, koriyar tuta. Ƙasa da takwas, ja, kowa ya kama gabansa. Tun ranar farko Firmin ne mai riƙe igiya, don shi ya fi kowa sanin ruwa, kuma ba a taɓa jin ya sassauta wa kowa ba. Wani mai otal ya taɓa zuwa da baƙinsa daga Turai yana roƙon a yi haƙuri da ƙulli bakwai da rabi. Firmin ya miƙa masa gilashin nutso ya ce, "Bismillah, shiga ka nemo rabin."

To, bara da lokacin nunar lici, 'ya'yan itacen nan masu jan ɓawo, wajen watan Disamba, sai Firmin ya rufe gaɓa kwana uku a jere. Ruwa kuwa garau, har kana ƙirga duwatsun ƙasa daga cikin jirgi. Samari suka yi ta ƙunƙuni. Jimmy Virapin, mai riƙe masa faranti, magidanci mai 'ya'ya uku da ya koyi aikin a hannunsa, ya ce, "Kawu, ni fa ina hango ka sarai daga ƙulli tara. Ko gilashinka ne ya yi gumi?"

Firmin ya ce gilashin ne. Da ya koma gida ya tsaya a bayan ɗaki ya dubi bishiyar mangwaro, ya rufe ido ɗaya, ya buɗe ya rufe ɗayan. Ganyen duk sun haɗe, kamar an shafa wa duniya ruwan koko. Na dama ya fi muni. Sai ga ubansa a ransa zaune a ƙofar gida yana tambayar masu wucewa, ya zauna a kan bokitin da aka kife. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, wanda bai taɓa ji ba ko ranar da ya jawo saurayin nan.

Ya san ƙa'ida. In ya faɗa, likita ne, likita kuma wuƙa ce. Ko an dace ma, sai ya yi watanni bai shiga ruwa ba, sannan a sake gwada shi, kuma wa zai mayar da ɗan shekara hamsin da takwas bakin aiki ga samari suna layi? Sai ya zauna ya yi wa kansa dabara. Ya lura abin da Jimmy yake gani ya ɗara nasa da ƙulli biyu. Ya ce ai ruwan bai canza ba, idona ne ya rage, in na ga shida to mai lafiyar ido takwas zai gani. Daga ranar, in faranti ya ɓace masa ba ya damƙe igiya. Sai ya bari ƙulli ɗaya ya wuce ta yatsunsa, na biyu ya wuce, sannan ya damƙe.

Ka ji dabarar banza! Ai ba don ruwa ake auna ruwa ba, don mai gadi ake aunawa, a san daga ina zai hango abin da ke zuwa. Kuma Firmin ne yake tsare ƙofar murjani, ratar nan da ke tsakanin duwatsu inda ruwa mai zurfi yake shigowa, wato ainihin hanyar baƙo. Ya san haka, ya za a yi bai sani ba, shi da ya koya wa kowa? Amma mutum in tsoro ya riƙe shi, ƙaryar da ba zai karɓa daga bakin yaro ba sai ya karɓe ta daga nasa. Abin da bai lissafa ba shi ne yanar ido ba ta tsayawa inda ta fara.

Rosemay ce ta fara shinshino zancen. Wata safiya ya tsiyaya kofi rabi a kofin rabi a tebur.

"Kai tsoho, teburin ma yau baƙo ne da za ka ba shi kofi?"

"Hannuna ne ya goce."

"Jiya ma hannunka ne ya gaida matar Payet maƙwabciyarmu da sunan 'yarta? Firmin, dube ni nan. Mene ne a idonka?"

"Gishiri ne. Shekara hamsin ina cikin gishiri, so kike idona ya yi kama da na jariri?"

"Ni dai na faɗa maka, je ka a duba ka. Yanzu ba zamanin babanka ba ne, ƙanwar Solange mai tuƙa jirginku da aka yi wa, da safe ta shiga da azahar tana gida tana tsintar shinkafa."

"Ki bar ni da zancen ƙanwar Solange," in ji shi, ya ɗauki jakarsa ya fice. Rosemay ta bi shi da harara, da yamma kuma ta je ta kunna kyandir a ɗan jan ɗakin waliyyi da ke bakin hanya. Ita duk zatonta matsalar ta tsaya a kofi da gaisuwa, don ba ta san yadda ake riƙe igiya ba.

Haka aka yi wata bakwai. Kowace Laraba 'yan makaranta suna zuwa koyon hawa, su goma sha biyar, su ashirin, iyayensu mata suna zaune a rumfar Rosemay suna hira hankali kwance. Firmin yana kwance a ƙofar murjani yana zare ido cikin hazo, kowace inuwa gabansa ya faɗi, in ya fito sai ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ƙirji. Ba abin da ya faru. Kowace ranar da ba abin da ya faru kuma sai ta ƙara masa ƙarfin gwiwar maimaitawa gobe.

A watan Yuli, lokacin da manyan raƙuma suke tasowa daga kudu, Nadège ta dawo bayan shekara goma sha uku. Ta yi fari, ta rame, tana magana da sauri irin ta mutanen can. Kwana biyu tana zuwa bakin ruwa ta tsaya, ba ta ko tsoma ƙafa. Ran na uku, ranar Juma'a, Firmin ya dawo ya tarar ta sauko da allon tana goge masa ƙura a tsakar gida.

"Baba, ni fa har yanzu tsoro nake ji," ta ce, ba ta ɗago ba. "A can ko wurin wanka na shiga sai in riƙa waige. Amma na ce in kai ne a ƙasa zan shiga. Gobe kana aiki?"

Nan ne wurin faɗin gaskiya. Ya dubi 'yarsa, fuskarta ma a hazo take, ya ce, "Ina aiki."

Daren Alhamis an yi ruwa a kan duwatsu, ba mai yawa ba. Safiyar Asabar gari ya waye tas, raƙuma suna zuwa a jere, dogaye, suna naɗewa ta hagu yadda masu hawa suke mafarki. Tun ƙarfe bakwai yashi ya cika. A cikin jirgi Solange, matuƙiyarsu mai muryar da ta fi ƙahon ƙara, tana cin burodi tana tsokana.

"Kawu, yau sai ka buɗe ido da kyau, 'yar gida ce za ta shiga. Ko ƙaguwa ka bari ta cije ta, Rosemay za ta yanka ka ta cusa a samosa."

"Wa zai sayi samosar tsohon kunkuru?" in ji Jimmy. "Sai dai a ba karnuka."

Aka yi dariya. Firmin ya tofa yawu a gilashinsa ya goge, ya faɗa ruwa.

Ruwan yana da ɗan kore-kore, bai san ko laka ce ko idonsa ba. Jimmy ya ja faranti ya yi gaba. Ƙulli ɗaya ya wuce ta yatsun Firmin, biyu, uku. A na huɗu farantin ya fara dusashewa. A na biyar ya ɓace.

Biyar. Ko ya ƙara biyun da ya saba, bakwai ke nan, jar tuta. Igiya tana ta zarewa. Ya tuna Nadège tsaye a yashi da allo a hammata, shekara goma sha uku tana tara ƙarfin halin wannan safiya. Ya ce wa kansa wataƙila idon ne ya ƙara lalacewa, ruwan lafiya lau yake. Shida ya wuce. Bakwai. Da na takwas ya taɓa yatsansa ya damƙe.

Jimmy ya dawo yana tofar da ruwa. "Takwas, Kawu? Ni a bakwai na daina ganinka sosai."

"Rana ce a fuskarka. Takwas ne."

Jimmy ya juya ya ɗaga wa Solange hannu. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya taɓa musa wa Firmin ƙulli. Koriyar tuta ta hau, aka ji ihun murna daga yashi.

Mutum goma sha biyu suka shigo. Firmin ya kama wurinsa a ƙofar murjani, Jimmy yana can damansa da nisa, sauran biyun suna ta wajen gaɓa. In ya ɗago kai yana jin muryar Nadège a bayansa tana dariya, dariyar da rabonsa da ji tun tana budurwa. In ya mayar da kai ƙasa kuwa, ba komai sai bango kore. Yana ganin hannunsa, yana ganin tsinin sandarsa, yana ganin 'yan ƙananan kifaye in sun zo dab da shi. Bayan wannan babu. Ya yi ta juya kai dama da hagu, numfashinsa yana ƙara a bututu kamar na mai asma. Sau biyu inuwa ta gilma ya kusa ɗaga sanda, ashe kumfar raƙumi ce. Ya ce a ransa, Ubangiji, ka fitar da ni yau kawai, gobe zan faɗa. Ya sha faɗin haka a ranakun Laraba.

Wajen minti arba'in da shiga, ƙananan kifayen da ke kewaye da shi suka watse a lokaci ɗaya. Ya san ma'anar wannan. Ya zare ido iya ƙarfinsa, bai ga komai ba. Yana nan, ya san yana nan, amma ta ina? Sai ya ji ƙahon jirgi ta cikin ruwa, dogon busa, ya gane wani ya riga shi gani, wani da ya fi shi nisa.

Sannan bangon ya yi duhu a gabansa, duhun ya zama kai. Faffaɗan kai mai launin toka, ƙaramin ido, baki a ɗan buɗe, bai fi tsawon sanda biyu tsakaninsu ba, kuma ba sauri yake ba. Ba ta Firmin yake ba ma, sama yake nufa, inda ƙafafun masu hawa suke reto. Firmin bai yi tunani ba, hannunsa ne ya yi. Ya dunƙule ya soka sandar da duk ƙarfinsa a gefen kan, ya ji kamar ya soki tayar mota. Kifin ya murɗa, jelarsa ta make shi a ƙirji, gilashin ya fita daga fuskarsa, ruwan gishiri ya cika masa hanci.

Ya taso yana tari, ba ya ganin komai sai fari da kumfa. Ƙaho yana ta busawa, mutane suna ihu, Solange tana kururuwa, "Ku ɗaga ƙafa! Ku ɗaga ƙafafunku a kan allo!" Ya ji wani ƙara, ƙarass, kamar an karya busasshen itace. Ya ji muryar mace ta yi ƙara sau ɗaya ta yi shiru.

"Nadège!" Ya yi ta kira yana iyo inda ya ji ƙarar, ba gilashi, ba sanda, bai san ko kifin yana ƙarƙashinsa ba. Duk bugun ƙafa yana jiran ya ji haƙora. "Nadège!"

Hannun Jimmy ne ya cafko shi ta wuya ya jawo shi jikin jirgi. Aka tura shi ciki ya faɗi a kan ƙafafun mutane. Ya rarrafa yana shafa su ɗaya bayan ɗaya har ya kai gare ta. Tana zaune a ƙasan jirgi ta ƙanƙame gwiwoyinta, haƙoranta suna haɗuwa. Ya shafa ƙafar dama har yatsu, ya shafa ta hagu. Duk suna nan. Allon ne aka gutsure wa gindi, guntun da ya fita ya kai faɗin tire, tazarar tafin hannu ɗaya daga inda ƙafarta take.

Kafin azahar labari ya gama gari, kuma ka san yadda labari yake ƙiba a hanya. Waɗanda ke jirgi sun ga Firmin ya nitse ya soki baƙo, suka ce shi ya karkatar da shi, da ba don haka ba da ƙafar ce a bakinsa ba allo ba. Wataƙila ma gaskiya ne. Aka yi ta zuwa rumfar Rosemay ana rungumarsa. Wani ya kawo kaza, wata ta kawo tukunyar miyar kifi da shinkafa da wake. Samarin da suke ce masa Tsohon Kunkuru suka ɗaga shi sama. Shi kuwa kowane yabo kamar ana ɗora masa dutse.

Da la'asar ya zame ya tafi rumfar ajiye kaya. Ya tarar da Jimmy shi kaɗai yana wanke ƙafafun agwagwa da ruwan famfo. Jimmy bai ɗago ba.

"Ni na ɗaga sanda, Kawu."

"Na sani."

"Daga wurina na hango shi, ni da nake can gefe. Ta ƙofarka ya shigo, kai tsaye, a hankali kamar mai zuwa gaisuwa. Kana fuskantarsa. Na ƙirga a raina, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ina jiran sandarka, ba ka motsa ba." Ya kashe famfo. "Da na ce tsoro ne ya daskarar da kai. Amma kai ba ka daskarewa. Ƙulli nawa ka gani da safe?"

Firmin ya sunkuyar da kai. "Biyar."

Jimmy ya runtse ido. Da ya buɗe, hawaye ne a ciki, na baƙin ciki da fushi. "Babbar 'yata tana cikin 'yan Laraba, Kawu. Ni na kawo ta da hannuna, na ce wa uwarta ta kwantar da hankalinta Kawu yana ƙasa." Ya rataye ƙafafun agwagwa a ƙusa. "Ba zan tona ka a gaban mutane yau ba, don kai ka koya mini aiki. Amma Laraba tana zuwa. Ko ka faɗa da bakinka kafin nan, ko ni in faɗa."

Tsoro na daji, kunya na gida. Washegari bayan an taso daga coci suna zaune su uku a tebur, abinci yana gabansu ba mai ci, Firmin ya faɗa. Bai yi kwana-kwana ba. Ya faɗi yanar, ya faɗi ƙulli biyun, ya faɗi na jiya da suka zama uku. Rosemay ta dafe kai ta ce, "Wayyo ni, Firmin, wayyo ni."

Nadège ba ta yi kuka ba. Ta dube shi irin duban da ma'aikatan jinya suke yi wa rauni.

"Da na tambaye ka ranar Juma'a, ka san ba ka gani?"

"Na sani."

"Ka bar ni na shiga."

"Na ga kina so ƙwarai, 'yata. Na kasa..."

"Kada ka ɗora mini, Baba. Kada ka soma." "Aikin minti ashirin ne. A asibitinmu tsofaffi talatin ake yi wa a rana, su tafi gida da ƙafafunsu. Minti ashirin ka guje wa, ka kwantar da mu a bakin wancan abin." Ta ƙura masa ido. "Tun yaushe?"

"Tun lokacin lici."

Ta ƙirga da yatsu, leɓunanta suna motsi. "Wata bakwai. Laraba talatin." Ta miƙe ta ɗauki makullin motar uwarta daga kan firji. "Gobe zan kai ka wurin likita, ko kana so ko ba ka so. Shugabanninku kuma ka je ka same su da kanka. Amma iyayen yaran nan ba a takarda za su ji ba, ba kuma a bakin Jimmy ba. Tashi."

"Yau? Nadège, yau Lahadi."

"Shi ya sa. Kowa yana gida."

Ta ja mota. Suka haura ta cikin gonakin rake zuwa unguwar da ke kan tudu, ta tsaya a ƙofar wani gida mai shuɗin fenti, gidan Madam Técher mai tagwaye 'yan shekara goma, waɗanda ba su taɓa fashin Laraba ba. Nadège ta kashe mota ta ɗora hannuwa a kan sitiyari.

"Ba za ki raka ni ba?"

"A'a."

Ya fita. Ya laluba ƙofar shinge ya buɗe, ya taka matakala uku, ya ƙwanƙwasa. Ya ji gudun yara a ciki, sannan ƙofa ta buɗe, Madam Técher ta fito tana goge hannu a zani. Da ta ga ko wane ne sai fuskarta ta washe.

"Kai! Kawu Firmin da kansa a gidana? Yara, ku zo ku ga wanda ya zo! Shigo, shigo, Kawu, yanzu nake ce wa babansu in ba don kai ba da ban taɓa barin 'ya'yana sun taɓa ruwan nan ba. Zauna in ɗora maka kofi."

Tagwayen suka fito da gudu suka riƙe masa hannuwa, ɗaya dama ɗaya hagu, suna tambayarsa girman bakin kifin. Firmin ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba.

"Madam, bar kofin," ya ce. "Ki sa yaran su koma ciki. Magana na zo da ita."